Albarkar Don Nemesio

"Ke Remigia, rufe ƙofar nan! So kike iska ta ƙarasa mana shi?"

Remigia ta ja ƙofa, jaririnta Wilmer goye a baya. Mai tsawar Doña Fortunata ce, matar Don Nemesio, maƙwabcinsu da ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin haƙar ma'adinai ya fito da tari. A unguwarsu da ke garin Potosí kowa ya yarda sanyin iska ke kashe majinyaci, shi ya sa aka liƙe taga da jarida, aka cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Mata maƙil a ɗakin suna waƙar coci, numfashin wannan a fuskar waccan.

Tsohon ya turnuƙe da tari. Rana ta zuro ta wata 'yar hudar kwanon rufi, a cikin hasken kuwa Remigia ta ga abin da ya fito daga bakinsa: feshi mitsi-mitsi, yana yawo, ya ƙi sauka. Haka fa wata malamar asibiti ta taɓa gaya mata tarin fuka ke tafiya, ɗaki in a rufe yake sai ya wuni a ciki.

"Miƙo mini ɗana," in ji Don Nemesio da ƙyar.

Shi ya riƙe Wilmer ranar baftisma, uban baftisma kuwa ba ya tafiya bai sa albarka ba.

"Barci yake yi, Baba."

"Barci? Ga idonsa nan tar kamar na mujiya!" in ji Doña Fortunata. Mata suka yi dariya. "Ko ƙyamarsa kike? Wa ya ɗauko miki ungozoma cikin ƙanƙara?"

Wallahi tsoro take ji, amma kunya ta fi ƙarfinta. Ta kwance goyon. Tsohon ya zana gicciye a goshin yaron, ya jawo shi dab da bakinsa yana raɗa masa addu'a. Bai kai ƙarshe ba tarin ya sake ƙwace masa.

Kafin Lahadi ya rasu. A maƙabarta Remigia ta tsaya can nesa, tana jiyo Doña Fortunata na tari cikin mayafi.

A hanyar gida, wajen mai sayar da burodi, Wilmer ya yi ɗan tari a bayanta. Ta tsaya cak a tsakiyar titi, ta kai tafin hannunta bayansa, tana saurare.