Almakashin da Aka Miƙa wa Citlali

Ni na fara kai aikin gidan zane-zanenmu unguwar 'yan kasuwa, tun lokacin da matan can ke cewa gidan na baƙi masu kyamara ne, su ba su da takalmin shigarsa. Duk Laraba in ɗauki fenti da buroshi in hau bas, in zauna da su a rumfar cocin unguwa ina koya musu zane. Na sha zagi kuwa. Doña Eufrosina, wata dattijuwa mai sayar da tamale, wato alalen masara da ake naɗewa a ganyen ayaba, wadda ita ce bakin matan, ba ta taɓa bari na kai ƙarshen magana ba.

"Herminia, wannan shuɗin naki na bangon asibiti ne. Kin taɓa ɗaga kai kin kalli saman garinmu Oaxaca kuwa?"

"Na kalla, Doña. Ke ce idonki ya tsufa."

"Ya tsufa, amma ya fi naki gani."

Haka muke har aka turo mini mataimakiya daga babban birni, Citlali, da digirinta da fara'arta. Kome aka zana, ko jaki ne ya fito kamar kare, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, ya yi kyau!" Nan da nan ta zama 'yar gida a wajen matan. "'Yata zo ki zauna, 'yata sha kunun atole." Tamale mai zafi nata ne, ni sai wanda ya huce a gindin kwando. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Da shugaban gidan ya yarda a rataya babban zanen matan a zauren tsakiya, na ce to, ranata ta zo. A wajenmu ba a buɗe sabon abu sai da madrina, wadda za ta yanke ƙyallen buɗewa, daga nan ta zama comadre, wato 'yar'uwa ta girmamawa, ga masu abin har mutuwa. Wa za su zaɓa in ba ni ba? Har sabuwar riga na ɗinka, ja mai furanni.

Ranar buɗewa matan suka cika zaure da kitsonsu da ƙyallayen ado kala-kala, suna taka dutsen daɓen a hankali. Doña Eufrosina ta ɗauko almakashi a faranti, ta nufo inda nake. Har na gyara tsayuwa. Ta wuce ni kamar ginshiƙi, ta miƙa wa Citlali.

"Comadre, ki yi mana alfarma."

Aka yi tafi. Ni ma na tafa. Na sulale bayan gida wajen famfo, na hau wanke burosan da tun jiya na wanke su.

Can sai ga Doña Eufrosina tana jan ƙafa, da abu a naɗe cikin ganyen ayaba.

"Ke, mai jar riga. Kumburin me kike yi?"

"Ba kome. Ki koma wajen comadrenki."

"Ji mini yarinya! Sai ka ce ba a garin nan aka haife ki ba. Ana yi wa comadre tsawa? Ana musu da ita? Daga yau tsakaninmu da ita sai gaisuwa da rusunawa har kabari. Sai da muka zauna a kan maganar nan. Matan suka ce in aka mai da Herminia comadre, ajin Laraba ya mutu. Wa zai ce mana jakinmu kare ne? Ni kuma da wa zan yi faɗa?"

Na leƙa ta taga. Citlali na tsaye a tsakiyar zaure da almakashi a hannu, matan na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna rusuna mata. Ba mai jan kumatunta yanzu, ba mai ce mata 'yata. Ta yi tsuru-tsuru, tana waige-waigen wanda zai tsokane ta.

Na juyo gare ta.

"Ni dai almakashin nan na so, Doña."

"Na sani." Ta danna mini naɗin a hannu. "Kuma rigar nan ba ta karɓe ki ba ko kaɗan. Wa ya zaɓa miki ja?"

Na buɗe ganyen, tamale ne. Tururi ya doke ni a fuska, har sai da na sauya hannu don zafi.