Kunnen Abba

Aikina a ofishinmu na Dhaka shi ne koya wa kwamfuta ɗora siffa kan siffa. Wata ƙungiya mai nemo dangin tsofaffin da suka ɓace ce ta ba mu aikin. Fuska tana tsufa, amma zanen kunne ba ya cika sauyawa. Mukan saka ɗigo arba'in a gefen kunnen da ke hoto, sai kwamfuta ta matsar da shi, ta juya shi, ta ƙara masa girma ko ta rage, har ya hau kan wani kunnen. In tazarar da ta rage kaɗan ce, wataƙila mutum ɗaya ne.

Wata Talata da hantsi, abokin aikina Biplob, wanda ke kirana Apa, wato yaya, ya ce, "Moushumi Apa, gwada da hoton wani naki mana. Kunnena ya gaji, kullum ana juya shi kamar gurasar roti a kasko."

Hoto ɗaya ne a wayata da kunne ya fito sosai, na mahaifina Abba, ya juya yana kallon kogi. Shekara goma sha tara ke nan da jirgin ruwan da ya hau zuwa Barisal ya kife. Ba a ga gawarsa ba. Mahaifiyata, da muke kira Amma, ta yi takaba, muka yi addu'ar arba'in, muka haƙura.

Na saka hoton ina kurɓar shayi. Jan zanen kunnen Abba ya zagaya a hankali, ya tsaya kan wani koren zane, ya rufe shi ruf. Har ɗan lanƙwasan nan na sama, inda nake ja ina ƙarama. Hoton wani tsoho ne a gidan marasa galihu na Chandpur, an ɗauke shi shekara uku da suka wuce. Wurin suna babu komai.

Biplob ya daina dariya. "Apa, ke kika rubuta lissafin nan. Cikin dubu yana kuskure ɗaya. Hotuna dubu tara gare mu."

"Na sani."

Na ajiye kofin shayin.

Ranar Juma'a na tafi Chandpur a mota, don har yau ba na shiga jirgin ruwa. Mai kula da gidan, Rokeya Khala, ta kalli hoton ta girgiza kai.

"Ayya 'yata, kin makara. Daminar bara ya rasu."

Ta ce masunta ne suka kawo shi, bayan ya daɗe yana yawo a kasuwar kifi. Ba ya magana. In ruwan sama ya sauko, sai ya shige ƙarƙashin gado har a ɗauke.

"Yana da tabo a gwiwar hagu?" na tambaya.

"Maza ne suka yi masa wanka. Wanda ya jagorance su shi ma ya rasu."

Ta nuna mini kabarin. Ambaliya ta baje wurin, sai wata gora da aka kafa. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa sunan da zan kira.

Kwana huɗu ina ɓoye wa Amma. Rana ta biyar tana tankaɗe shinkafa da faifai a baranda na miƙa mata wayar. Ta goge hannu da bakin zanenta na sari, ta kawo hoton dab da idonta.

"Wane ne wannan?"

"Wani tsoho ne daga wurin aiki."

Ta daɗe tana kallo. "Ba shi ba ne," in ji ta, alhali ban tambaye ta ba. "Ubanki da yana raye, ko da rarrafe ne da ya zo gida."

Na miƙa hannu in karɓi wayar, ta ƙi saki. Hankaki biyu suka sauko kan faifan suna ci, ba ta kore su ba.

"Suna ba shi abinci sosai a can?" ta ce.