Hotunan da Baba Waya Ya Goge

Matakala tamanin da shida ce daga ƙasa zuwa ɗakin madubin hangen nesa, kuma Malama ta haye su duka ba ta tsaya jan numfashi ba. Filas ɗin da ta kai wa mahaifiyarta asibiti yana hannunta, ta ma manta da shi. Ta banke ƙofa.

Baba Waya yana durƙushe yana share ƙafar madubin da tsumma. Shekara talatin yana gyaran kayan aikin sashen nazarin taurari na jami'ar, kuma ba a taɓa ganinsa babu guntun wayar lantarki a aljihu ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Malama, sannu da zuwa. Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Ina hotunan jiya?"

Shekara huɗu tana jiran hotunan nan. Tauraro mai wutsiya yakan yi ta tafiyarsa dishi-dishi, sai haka kawai wata rana ya fesar da ƙura da iska, haskensa ya ninka sau ɗari cikin 'yan awanni. Farfesan da ke duba aikin digirinta ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in ba ta kama farkon irin wannan haskawa ta aika rahoto da sunanta ba, to bana ma babu digiri. Kwana hamsin da uku a jere tana kan rufin nan tana ɗaukar hoton tauraro guda, ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda a jikin gilashi. Jiya kaɗai ta bar wa Baba Waya, don an yi wa Inna aiki. Da safe saƙo ya shigo wayarta cewa masu duba sama a wasu ƙasashe sun ga tauraron ya haska, amma sun iske shi ya riga ya yi nisa, babu wanda ya san yadda ya fara. Madubinta kuwa yana kansa tun faɗuwar rana.

"Goma sha ɗaya ne masu kyau," in ji Baba Waya. "Sauran sun lalace."

"Sun lalace kamar yaya?"

"Haske ya yi musu yawa. Na goge su."

Ta ajiye filas ɗin a hankali, don ta san in ba ta ajiye ba jifa za ta yi da shi. Ta faɗa kan kwamfuta. Hoto goma sha ɗaya, ɗigon nan dai da ta gaji da gani. Ta buɗe kwandon sharar kwamfutar. Fes. Baba Waya ba ya barin aiki rabi-rabi.

"Nawa ka goge?"

"Sittin da biyu."

"Sittin da biyu! Baba, ka san abin da ka goge kuwa? Shekara huɗu ka goge! Ina can zaune a benci ina jiran a fito da uwata daga ɗakin tiyata, kai kana nan kana share mini rayuwa da yatsa ɗaya! Ba ka da waya ne? Kai da ake kira Baba Waya?"

"Na ce kar in ɗaga miki hankali kina asibiti."

"To yanzu ga shi nan kwance!"

Muryarta ta cika rufin kwanon, har tattabarun da ke lungu suka tashi. Ta ce masa wannan ba ganganci ba ne, mugunta ce. Ta ce sau nawa za a nuna wa mutum bambancin tauraro da fitilar mota. Ta faɗi wasu maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba, ta sani, kuma ba ta fasa ba. Shi dai yana tsaye da tsummansa. Da ta tsagaita, sai ya ɗaga hannu ya nuna bango.

Takarda ce manne da salatif, an rubuta da jan biro, an ja layi biyu a ƙasa: "Duk hoton da haske ya yi wa yawa a goge nan take. Kada a cika mini kwamfuta da shara." Rubutunta ne. Bara ta manna ta, lokacin da fitilar masu gadi ke ɓata mata hotuna, shi kuma yana ta adana su don ba ya iya zubar da ko ƙusa mai tsatsa. Ran nan ma faɗa ta yi masa.

Haushin bai ragu ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu ta rasa inda za ta sauke shi. Wayarta ta yi ƙara. Farfesa ne. Ta kife ta a kan tebur.

"Ni dai ban taɓa yarda da kwamfutar nan ba," in ji Baba Waya ƙasa-ƙasa. Ya jawo wani tsohon littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin akwatin kayan gyaransa. Ta san littafin. Ita ce ta ce masa zamanin wannan ya wuce, har ta taɓa ɗora kofin shayi a kai. "Lambar hasken da take nunawa a gefe, nakan rubuta kafin in goge. Da lokacin."

Ta fizge littafin. Layi sittin da biyu, kowanne da ƙarfe nawa da minti nawa, lambobin suna hawa kamar matakalar da ta hawo. A gefe kuma ga bayaninsa da ƙananan haruffa.

"Ya lalace. Na goge."

"Ya ƙara lalacewa. Na sauka na duba fitilar masu gadi, a kashe take."

"Na share gilashi. Na canza waya. Bai daina ba."

"Na ɗauki hoton tauraron da ke kusa da shi, lafiyarsa ƙalau."

"Na leƙa da idona. Tauraron Malama ya kumbura. Allah ya sa ba ni na ɓata shi ba."

Ta zauna. Duk tambayar da masana za su yi don su ƙaryata ta, tsohon nan ya riga ya amsa, yana neman laifin kansa. Ta ɗaga waya ta kira Farfesa, ta karanta masa layi biyar. Ya ce lambobin za su shiga, ta aika kafin azahar, amma ta san ƙa'ida: wanda ya duba da idonsa ya rubuta da hannunsa, sunansa ne a sama. Nata ya biyo baya. Batun digiri kuma, sai kwamiti ya zauna.

Ta buɗe fom ɗin rahoton. Gurbin farko yana cewa: wanda ya gani. Kwana hamsin da uku na sauro da ciwon wuya suka dawo mata a rai. Ta miƙe, ta ɓamɓare takardar bangon, ta dunƙule ta, ta dawo ta zauna. Ta ɗora yatsu a kan madannan kwamfutar, sai ta tsaya. Shekara huɗu suna hawa matakalar nan tare.

"Baba," ta ce, ba ta dube shi ba, "mene ne sunanka na gaskiya?"

Ya matse tsumman a hannu. "Takardar kora ce, Malama?"

"Faɗa mini dai. Harafi-harafi."