Butar Farfesa Gerginov

A garinmu Plovdiv ba a barin mutum ya kama hanya mai muhimmanci ba a watsa masa ruwa a bakin ƙofa ba, don tafiyarsa ta gudana kamar ruwan. Ɗalibi zai je jarrabawa a watsa, amarya za ta fita a watsa. Shi ya sa ranar da aka fito da taurarin ɗan'adam ɗinmu biyu za a kai su wurin harbawa, babu wanda ya iya buɗe baki da Farfesa Gerginov ya ɓullo da butar tagullar mahaifiyarsa.

Taurarin ƙanana ne, kowanne bai wuce kwalin takalmi ba, muna ce musu Babba da Ƙarami. Aikinsu su yi magana da juna a sararin sama ta siginar terahaz, wadda ba ta da maƙiyi kamar ruwa, 'yar laima kaɗan sai ta shanye ta. Kuma Farfesan ne da kansa ya koya mana haka. Amma tsufa ya kama shi, hannunsa yana rawa, wannan ne kuma aikinsa na ƙarshe. Ya watsa, rabin ruwan ya sauka a kan akwatin Ƙarami, daidai inda murfin bai gama zama ba. Radostina, shugabar aikin, ta buɗe ta leƙa, ta goge gefen, ta ce ba komai. Mota tana jira.

Aka harba su lafiya. Ta rediyon yau da kullum duka biyun suna amsa mana, amma tsakaninsu shiru. Babba ya yi ta kira, Ƙarami ko gezau. Ga shi kullum ƙara nesa suke da juna, in Juma'a ta wuce ba su ji juna ba, sun rabu ke nan har abada.

Babu wanda ya ambaci butar a ofis, kuma babu wanda ya manta da ita. Farfesa ya daina hawowa sama. Sai ya zo da safe ya zauna a benci a tsakar gida, hularsa a gwiwa, yana kallon tagarmu. Na tsani leƙawa, amma na kasa dainawa.

Ranar Alhamis Radostina ta ture farantin banitsa, gashin fulawa da cuku, da ko taɓawa ba ta yi ba, ta ce, "Kalin, in laima ce ta daskare a fuskar eriyar Ƙarami, mu juya shi ya kalli rana ta ƙafe."

Na ce, "In kuma zafin ya ƙona na'urar fa?"

"To kawo taka dabarar, gwani. Tun Litinin kake shafa gemu, ban ga abin da ya fito daga ciki ba."

"Kin san in ya yi aiki, kowa zai gane ruwan tsohon ne."

"Na sani," in ji ta. "Aika umarnin."

Na aika. Tauraron ya wuce bayan duniya, muka zauna jiran zagayowarsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba, don ko ta ina abin ya faɗi akwai wanda zai karye. Kofi ya huce a gabanmu.

Da suka dawo samanmu sai layin siginar da ke allon kwamfutarmu, wanda ya kwana uku a shimfiɗe, ya ɗan motsa. Ya sake motsawa, ya miƙe. Ƙarami ya ji yayansa. 'Yan ofis suka rungumi juna, Radostina kuwa ta sauka tsakar gida, na bi ta.

Farfesa ya miƙe da ƙyar. Ta ce, "Sun haɗu, Farfesa."

Sannan ya ce, "Me kuka yi masa, 'yata?"

"Rana muka nuna masa."

Mutumin da ya koyar da mu ba ya bukatar ƙarin bayani. Ya jujjuya hular a hannunsa, ya ce, "Ashe ruwana ne."

"Ruwanka ne," ta ce. Ba ta iya ƙarya, abin da ya sa wani lokaci nake jin haushinta ke nan. Ya koma ya zauna, na ga girmansa ya ragu a kan bencin, tausayinsa ya cika ni.

Mako ya zagayo Radostina za ta tafi Sofia ta gabatar da sakamakon a gaban manya. Muka rako ta bakin ƙofa. Farfesa ya zo, amma ya tsaya can baya, hannayensa a cikin aljihu. Ta ɗauki jaka, ta taka ɗaya, sai ta tsaya. Ta koma ciki, ta fito da kofin shan kofinta cike da ruwan famfo, ta miƙa masa.

Ya ce, "A'a, 'yata. Na daina."

"Ni ba eriya ba ce, Farfesa. Kuma ba inda za ni a busasshiyar hanya."

Ya karɓa da hannu biyu. Hannun ya yi rawa kamar kullum, ruwan ya jiƙa mata takalmi har safa. Ta taka cikinsa ta wuce, ba ta goge ba.