Fensiran 'Yan Aji Huɗu

"Kai, sakarai! Zo ka fasa min kwaɗon nan."

Tsohon malamin firamarenmu ne, maƙwabcinmu, ya manna fuska a tagar ɗakinsa. Tun da ciwo ya kama shi babban ɗansa ke kulle shi kafin ya tafi ofis, wai don amfanin kansa.

"Malam, ni da ka ce ba zan tsinana komai ba?"

"Har yanzu ban janye ba. Ɗauko guduma."

Na fasa kwaɗon, ba don tausayi ba, zaman banza ne ya ishe ni. Makarantar bakin layi yake son zuwa. Ya ji labarin sabon malamin aji huɗu daga littafi yake karanta wa yara dalilin da ya sa ƙasashe ke neman 'yancin kai.

"Daga littafi! Kamar mai karanta takardar magani."

Na goya shi a babur, ba nauyi, kamar buhun ƙaiƙayi. Sabon malamin ya ba shi wuri da sauri, ya koma lungu da wayarsa.

Na san wasan. Malam ya bi benci benci yana ƙwace fensira yana zubawa a aljihu.

"Ni zan ajiye muku. Ba ku isa riƙe kayanku ba tukuna."

A zamaninmu a nan aji ke kacamewa da ihu, sai ya daki tebur ya ce, "Yauwa! Abin da kakanninku suka ji ke nan a hannun 'yan mulkin mallaka." Ni har cizonsa na yi.

Waɗannan kuwa suka naɗe hannu kamar gumaka.

"Ba mai magana? Kayanku ne fa!"

Wata mai gilashi ta miƙe. "Malam, ga nawa na biyu, ka manta shi."

Ya daɗe yana kallonta. Sai tari ya sarƙe shi, na fito da shi.

Ɗansa ya zage ni tas a gaban mutanen layi. Kwana huɗu bayan haka Malam ya cika. Wajen wankin rigarsa 'yarsa ta tsinci fensira talatin da ɗaya, ta aiko min a leda.

Na kai makarantar, na zazzage su a kan tebur.

"To, 'yan mulkin mallaka sun tafi. Ku kwashe."

Ba wanda ya motsa sai da malaminsu ya ɗaga kai daga waya. Suka yi layi, kowa ya ɗauki nasa ya rusuna. Wani guntu da aka tauna gindinsa ya rage a tebur.