Abin da Ƙeyar Auta Ta Taɓa

"Wash! Ke, ɗaga kanki!"

Anti mai kitso, maƙwabciyarsu, ta ture kan Auta daga ƙirjinta tana cije leɓe. Amma ƙeyar ta riga ta ji: wani abu mai tauri a nonon hagu, kamar dutse a cikin matashi.

Makon jiya wasu mata masu baƙin gilashi suka zo makarantarsu wayar da kai kan ciwon daji. Suka raba huluna da lemo, suka jera 'yan mata aka ɗauki hoto, suka bar takarda mai lambar waya, motarsu ta ɗaga. Ƙawayenta lemon suka tuna. Ita takardar ta karanta.

"Anti, ƙullutun nan tun yaushe? Ki je asibiti."

Matan da ke jiran layi suka tuntsire da dariya.

"Sannu likita!" in ji ɗaya. "Naki ko gama fitowa bai yi ba, za ki koya mana nono?"

"Rufe mana baki, marar kunya," in ji Umman Auta.

Auta ta kira lambar sau tara. A kashe. Ta tari mijin Anti, direban tanka, a ƙofar gida da maganar asibiti. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Su yanke mata, in zauna da rabin mace?"

Sai kowace maƙwabciya ta zama gwanar magani. Wannan ta kawo toka, waccan ta kawo mai a kwalba. Wata biyar, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, kitso ya tsaya. Wata takwas, wari ya tsayar da masu dubiya a bakin ƙofa, gyale a hanci, "Ya jiki?" Auta ce ke shiga ta canza tsumma. Da aka kai Anti asibiti, likita ya buɗe, ya rufe, ya ce, "Ina kuke tun bara?"

Ranar ƙarshe Anti ta daɗe tana kallon kan Auta.

"Kitson nan ya tsufa. Wa ke miki yanzu?"

"Ba kowa."

"Kar ki je wa mai kitson bayan layi. Cin gashin goshi take."

Da hantsi ta cika.

A zaman makoki masu dariyar nan ne a sahun gaba, suna sharɓar kuka. Wata ta ce jifa ne. Wata ta ce ai ita tun farko jikinta ya ba ta. Direba ya fi kowa kuka. Auta ta raba ruwa, ba ta ce wa kowa sannu ba.

Bayan kwana uku Umma ta kira ta ɗaki, ta sa sakata. Ta zame riga, ta ɗaga hannu ɗaya sama, fuskarta na kallon bango.

"Ta wane gefe ake farawa?"

Auta ta tsaya tana murza tafukanta don su yi ɗumi.