Sunan Ma'aji a Kotun Tarayya

Magatakarda bai gama kiran sunan Rasaki Sowunmi ba, dariya ta tashi daga bencin baya. Tsohon bai waiwaya ba. Ya san masu ita. Maginan unguwar Lafenwa ne a Abeokuta, 'yan ƙungiyarsu, sun cika bayan kotu cikin anko shuɗi kamar masu zuwa biki. Shi ba a sayar masa da yadin ba.

"Ma'aji, taka a hankali," in ji Mufutau, shugaban ƙungiya, murya ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji. "Kada nauyin aljihu ya kayar da kai."

Ɗan sandan kotu ya harare su, suka yi tsit.

Baba Sowunmi ya tsaya gaban alƙali cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Alƙali ya yi magana da Turanci, tafinta ya juya masa da Yarabanci.

"Ina lauyanka?"

"Ga ni."

"Lauya ake tambaya, Baba."

"Na ji. Bakina bai mutu ba."

Tun kafin a haifi rabin waɗancan yaran yake riƙe da asusun ƙungiya. Bana suka yanke za su sayi injin kwaɓa siminti. Ya je banki ciro kuɗi, aka ce ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Na'ura ta ƙi. Ya ɗora na hagu, ta ƙi. Siminti ya cinye zanen yatsunsa tuni, sun yi sumul kamar bayan cokali. Abokin sa hannunsa a asusun kuwa ya rasu bara. Aka rufe asusu, aka ce sai an ji daga Legas.

Ya taɓa jan Mufutau har cikin bankin don ya ji da kunnensa. Yarinyar da ke kan kanta ta ce ba za ta faɗi abin da ke cikin asusu ba sai na'ura ta shaida mai shi. Mufutau ya fito yana tafa hannu, wai an shirya masa wasan kwaikwayo. Kafin sati ya zagayo, duk inda ake gini a Abeokuta an ji cewa Sowunmi ya cinye kuɗin magina. Masu ba shi aiki suka daina kira. A masallaci mutum ya matsar da takalminsa daga kusa da nasa.

Lauya bai ɗauka ba, don za su ce da kuɗinsu ya biya. Ya je wurin mai buga takardu a bakin titi, ya ce a rubuta abu biyu: banki ya buɗe asusu, banki ya wanke sunan da ya ɓata masa. Mai bugawa ya tambaye shi wace kotu. Ya ce ta tarayya. Banki yana da reshe a kowace jiha, don haka babbar ce za ta iya kama shi.

Baba Sowunmi bai kai ga sake buɗe baki a gaban alƙali ba lauyan banki ya miƙe. Saurayi ne mai suna Adegbenro, da farar hular gashi a ka. Ya daɗe yana zuba Turanci, yana ɗaga littafi yana ajiyewa. Tafinta ya taƙaita.

"Ya ce wannan kotu ba ta da hurumi."

"Me ke nan?"

"Ba nan ya kamata ka kawo ƙara ba."

"Ba kotu ba ce nan? Ba alƙali ba ne wancan?" Baba Sowunmi ya juya wajen lauyan. "Kai yaro, ɗakin da aka haife ka wa ya gina shi? Da littafi aka ɗora bulo?"

"Ya mai shari'a, ina neman kariya daga zagi," in ji Adegbenro, yana murmushi.

Alƙali ya buga tebur. Ya ce mai ƙara ya yi magana da kotu, ba da lauya ba, in ya sake zai sa a fitar da shi. Daga bencin baya wani ya ce, "Ai gara a wuce da shi ciki gaba ɗaya." Aka danne dariya.

Adegbenro ya ci gaba. Wannan karon ya nuna tsohon da alƙalami, ya ɗaga kafaɗa, ya faɗi wata magana a gajarce. Tafinta bai fassara ba, yana jiran ya gama.

"Me ya ce yanzu?" in ji Baba Sowunmi.

"Maganar doka ce, Baba. Bari ya kai ƙarshe."

"Da ya nuna ni. Me ya ce?"

Tafinta ya dubi alƙali. Alƙali ya ɗaga kai alamar ya faɗa.

"Ya ce babu wata rigimar banki a nan da kotun tarayya za ta duba. Kuɗin suna cikin asusu, ba wanda ya taɓa su, banki bai taɓa musun haka ba. Ya ce ainihin ƙararka ta ɓata suna ce, ita kuwa ta kotun jiha ce."

"Maimaita."

"Baba..."

"Ta tsakiyar. Da ƙarfi. Akwai kurame a baya."

Tafinta ya ɗaga murya. "Kuɗin suna cikin asusu. Ba wanda ya taɓa su."

Ba a ji ko tari daga bencin baya ba. Adegbenro ya daina murmushi, ya duba takardarsa kamar ya ga kuskure a ciki. Baba Sowunmi bai waiwaya ba. Ya harɗe hannu a baya, ya tsaya ƙyam.

Alƙali ya cire tabarau. Ya yi magana a hankali, tafinta yana bin sa jimla-jimla. Ya ce takardar mai ƙara ta haɗa abu biyu. Maganar asusu yana iya duba ko za ta zauna a gabansa. Maganar suna ba ta cikin abin da doka ta ba wannan kotu. In mai ƙara ya yarda a cire ta, sai a sa ranar sauraron ta asusu. In ya ƙi, zai tura fayil ɗin duka kotun jiha, can kuma layi zai bi daga farko.

Nan take bayan kotu ya farfaɗo.

"Cire ta, Baba!"

"Baba ma'aji, a cire kawai!"

Ɗan sanda ya taso. Mufutau ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya rusuna wa alƙali, sannan ya rage murya.

"Yaya, ai mun ji. Magana ta wuce. A fito da kuɗin mutane tukuna."

A lokacin ne tsohon ya juya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda shi ya koya wa riƙon cokalin gini a cikinsu. Suka sunkuyar da kai, ban da Mufutau.

"Yau na koma yaya?"

"Haba, Baba."

"Da kuka bi wuraren gini da sunana, a kotu kuka yi? Yanzu a ɗaki ɗaya kuke so ta wuce?"

Alƙali ya sake buga tebur, ya ce amsa yake jira.

Baba Sowunmi ya fuskance shi. "Ranka ya daɗe, kotun nan babba ce?"

"Babba ce," in ji tafinta, bayan alƙali ya amsa.

"Amma sunan mutum ya fi ƙarfinta."

"Ba haka ba ne, Baba. Ba nata ba ne kawai."

"To a kai ni inda yake nasu. Ba na cire ko harafi."

Alƙali ya mai da tabarau, ya yi rubutu. Ya karanta hukunci, ya ce an mayar da ƙara kotun jiha. Magatakarda ya kira ta gaba.

A waje rana ta take. Magina suka kewaye shi tun bai sauka daga matakala ba. Babu mai cewa ɓarawo yanzu. Wani ya ce mugun tsoho, wani ya ce girman kai zai kashe shi. Wani ya ce damina za ta shigo ta same su suna kwaɓa siminti da shebur saboda mutum ɗaya. Adegbenro ya ratsa ta gefensu da jakarsa, ya ce, "Sai mun haɗu can, Baba. Ka zo da kujera, zaman zai yi tsawo." Ya shige mota.

Mufutau ya sha gabansa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka san abin da ka yi? Shekara nawa za a yi can? In ka mutu a hanya fa, wa zai ciro mana?"

"Sai ku yi anko."

"Za mu tsige ka!"

"Ku tsige. Ku kai wa na'ura yatsan sabon ma'aji, ku ji abin da za ta ce."

Wani dattijo daga cikinsu ya dafa Mufutau, ya matso, ya ce motar da suka yi haya tana can ƙarƙashin bishiya, akwai wuri a gaba, Baba ya zo a tafi gida a zauna a yi magana kamar 'yan'uwa.

Baba Sowunmi ya tattare rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Ya ratsa tsakiyarsu ya fita ƙofa, ya ɗaga wa ɗan acaba hannu.

"Kotun jiha."

"Baba, yanzu ai sun kusa tashi."

"Ƙofar zan gani," in ji shi, ya hau.